Bireka ta Ƙarshe

Ana dab da kiran magariba Testa ya shigo ƙofar asibitin, fulas ɗin ruwan zafi a hannu ɗaya, ledar zannuwan matarsa a ɗayan. Hadari ya haɗu tun safe amma ya ƙi zubowa. Gari ya yi duhu kafin lokacinsa, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi.

Shi ba baƙo ba ne a wurin. Shi ne mai gyaran wutar asibitin, kuma sunan Testa ya bi shi ne saboda 'yar sukudireban gwada wuta, wadda ake ce wa testa, da ba ta barin bayan kunnensa. Har cewa ake yi da ita yake shiga wanka. Amma a 'yan kwanakin nan ba aiki ne kaɗai ke kawo shi ba. Matarsa ta haihu watanninta ba su cika ba. 'Ya mace, bakwaini, ba ta fi tafin hannunsa biyu ba in ya haɗa su. Tun da ta zo duniya tana cikin kwalbar ɗumama jarirai, ko ɗaukarta bai taɓa yi ba. Sai dai ya tsaya ta bayan gilashi yana kallon ɗan ƙirjinta yana hawa yana sauka kamar na ɗan tsuntsu.

Sista, babbar nas ɗin ɗakin jarirai, ita ta tare shi a bakin ƙofa.

"Angon ƙarni, yau ma ka zo ka cinye mana gilashi da ido?"

Ya ce shi wayar kwalbar ya zo dubawa. Ta ce ikon Allah, ita duk zamanta a asibiti ba ta taɓa sanin a fuskar jariri ake jona waya ba. Ta ƙara da cewa ya kwantar da hankalinsa, yarinya dai tasa ce, don kunnuwan nan fatan-fatan ba inda ta samo su sai wurinsa, har wurin saƙala testa an tanadar mata. Ya yi dariya yana sosa ƙeya.

Matarsa tana kwance a gadon da ke kusa da kwalbar, ɗinkin cikinta bai bar ta ta tashi zaune sosai ba. Ta karɓi fulas ɗin, ta dubi taga, ta tambaye shi ko an gyara injin wutar asibitin. Ya ce bakanike ya cire wani abu a ciki ya tafi nemo sabo, sai gobe. Ta juya ta dubi kwalbar. Ya ce mata kada ta damu, ko an ɗauke wuta batir zai riƙe. Yana faɗa yana kallon ƙasa, don ya fi kowa sanin baturan nan sun tsufa, ga shi yinin ranar ko leƙowa rana ba ta yi ba balle sola ta tara wani abu.

Bai gama rufe baki ba aka ɗauke wuta.

Fitilar ɗakin ta yi ƙifta ɗaya ta dawo, alamar batir ya karɓa. Sista ta dube shi. Wannan karon ba wasa a fuskarta. Ta ce masa a hankali, yadda mai jegon ba za ta ji ba, cewa 'yar nan ba za ta iya da sanyi ba ko na ɗan lokaci ne. Ya gyaɗa kai ya fita.

Ɗakin wuta yana can ƙarshen baranda, ɗan ƙarami ne marar taga, kullum cikin warin batir da ƙurar da ta sha zafi. A cikinsa akwai akwatin ƙarfe mai tsawon mutum. A saman akwatin na'urori ne da ke karɓar wutar gari su tace ta su mai da ita irin wadda batir ke sha, kowace da 'yar fankarta. A ƙasa batura ne a jere. A tsakiya kuma allon rabo yake, inda duk wutar ke taruwa a kan wani faffaɗan jan ƙarfe kafin ta rabu zuwa ɗakuna, kowane ɗaki da ɗan makunninsa da ake ce wa bireka.

Layi biyu ne. Layin ƙasa na abubuwan da za a iya haƙura da su ne, fankoki da fitilun baranda da ofis. In batir ya fara ja da baya, allon da kansa yake yanke su. Layin sama kuwa na abubuwan da rai ya rataya a kansu ne: kwalbar jarirai, firjin jini da magani, fitilar tiyata, fitilar ɗakin jarirai. Su allon ba ya taɓa su sai batir ya zo gargara. In ya zo nan kuma, gaba ɗaya yake kashe komai don ya ceci baturansa. Ba ya jin magiya, ba ruwansa da 'yar wa ke cikin kwalba.

Yana shiga ya ji ƙwas. Layin ƙasa ya tafi. Baranda ta yi duhu a bayansa.

Bai kamata a ce tun yanzu ba. Ya dubi 'yan fitilun da ke nuna ƙarfin batir. Yana tsaye wata koriya ta mutu. Wani abu yana shan wuta fiye da ƙima.

Ya ɗauko mitarsa mai baki kamar ƙaguwa da ke rataye a ɗakin, ya riƙa kama wayoyin layin sama ɗaya bayan ɗaya. Firji daidai. Fitilu daidai. Kwalbar 'yarsa tana ja ta saki, ta ja ta saki, yadda kwalba ke yi in tana riƙe ɗumi. Sai ya zo kan bireka ta ƙarshe.

Ita wannan ba rubutu a kanta. An naɗe ta da baƙin tef, tef ɗin har ya bushe ya tsattsage. Wayarta tsohuwa ce, mai kauri, ta shige wani bututu ta bi bango ta ɓace.

Baba Fiyus ne ya jona ta, maigidansa, wanda ya koya masa aiki. Ranar da tsohon zai bar aiki, bayan ɓarin jikinsa ya shanye bakinsa ya karkace, sai da ya sa aka turo shi a keke har ɗakin nan. Ya kama babban yatsan Testa da hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan tef ɗin. Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce komai zai iya kashewa in ta kama, har fitilar tiyata, ban da wannan. Da Testa ya tambaye shi ta ina ce, sai ya ce ta maƙwabta ce.

Testa ya yi murmushi a lokacin. Duk mai aikin wuta ya san irin wannan. Ka ja wa wani gida waya ta bayan katanga, a riƙa gaishe ka da girmamawa. Ya ɗauka tsohon wata bazawara yake yi wa alfarma a bayan asibiti, har ya taɓa tsokanarsa da hakan. Ya bar ta ne kawai don kunyar maigida, tunda in akwai wutar gari ba wanda take cuta.

Ya kama ta da mitar. Tana ja ta saki. Ta ja ta saki. Daidai da ta 'yarsa, kamar an auna.

Da ya tsaya ya yi tunani a kan wannan, da wataƙila ya gane. Amma wata koriyar ta sake mutuwa a gaban idonsa, ransa ya ɓaci. 'Yarsa na kwance tsakanin rai da mutuwa, wasu can suna shan shayi da wutarta. Ya sa farce ya ɓare tef ɗin. Ya ce Baba ya yafe masa, ya danna ta ƙasa.

Ta yi wata ƙara kamar an karya busasshen ƙashi.

Fitilun batir suka tsaya. Ya jima yana kallonsu, ba wadda ta ƙara mutuwa. Ya sauke ajiyar zuciya. A haka za su kai wani lokaci mai tsawo. Daga nesa ya ji ana kiran salla, ya juya zai fita.

Sai ya ji kukan.

Siriri ne, can ƙasa-ƙasa, kamar na ɗan kyanwa da aka rufe a kwali. Ya fita da gudu zuwa ɗakin jarirai, yana cin karo da benci a duhu. Ya tarar 'yarsa tana barci. Amma Sista tana tsaye a kan kwalbar, ta dafe 'yan ƙofofin nan biyu da ake zura hannu, fuskarta ta canza.

Ta ce masa da raɗa wai ta rufe ƙofar nan da hannunta, ta juya ta ɗauko auduga, ta dawo ta same ta a buɗe. Ta sake rufewa, ta sake samunta a buɗe. Ta ce ya duba ciki.

Ya duba. A tsakiyar katifa ya bar 'yarsa. Yanzu tana can gefe, jikin gilashi, kamar an matsar da ita. A inda take ɗazu katifar ta lotsa, ɗan rami dogo, siriri, ba kowa a ciki. Sista ta ce ta taɓa wurin, sanyi ƙalau kamar an ajiye ƙanƙara.

Matarsa ta ce daga kan gado, ita fa tana jin kamar akwai mutum tsaye a kanta. Ta ce wani wari take ji, kamar nono ya kwana a zani. Sista ta ce mata zazzaɓi ne, ta rufe ido. Sannan ta jingina ƙirjinta da kwalbar, ta rungume ta, ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Kukan bai daina ba. Kuma ba daga ɗakin yake fitowa ba.

Testa ya koma ɗakin wuta. A nan kukan ya fi ƙarfi. Ya kara kunnensa a bakin bututun da tsohuwar wayar ta shige. Daga ciki yake fitowa, tare da wata iska mai sanyi.

Ya tura birekar sama. Ta faɗo. Ya sake turawa, ta sake faɗowa, laƙwas, ba ƙarfi. Abin da ke riƙe ta a ciki ya karye tun ɗazu.

Ya kunna fitilar wayarsa ta hannu ya bi bututun.

Bututun ya bi saman bango, ya fita ta ƙofar baya, ya ratsa ƙarƙashin rumfar da ake shanya zannuwan gado. Bai nufi katanga ba. Bai nufi gidan kowa ba. Tsohon ginin asibitin ya nufa, wanda aka daina amfani da shi tun da aka yi sabo, inda ake jibge karyayyun gadaje da kekunan marasa lafiya.

An fara yayyafi. Ƙasa ta tashi da ƙamshi, amma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wancan warin. Nono mai tsami.

Ƙofar ƙarshe kullum da kwaɗo take. Yau a buɗe, kaɗan.

Ya yi sallama. Shi kansa bai ji muryarsa ba.

Ya tura.

Ƙura ko'ina, da yanar gizo, da kashin jemage. Amma a tsakiyar ɗakin akwai tsohuwar kwalbar jarirai, irin ta da, mai ƙafafun ƙarfe, gilashinta ya tsage an liƙe da baƙin tef. Ita kaɗai ce ba ƙura a jikinta. Wayar Baba Fiyus ta sauko daga bango ta shige bayanta.

Akwai mace a gabanta.

A ƙasa take zaune, ta ba shi baya. A zaune, amma kanta ya kusa taɓa silin, har sai da ta sunkuyar da wuya. Gashinta ya zubo ya taru a ƙasa. Hannayenta biyu suna cikin kwalbar ta 'yan ƙofofin, sun shiga, sun lanƙwasa, sun sake lanƙwasa a inda hannun mutum ba shi da gaɓa.

Tana jijjiga wani abu a ciki.

Hasken wayarsa ya ragu da kansa, ya koma ja.

"Kai ne yaron tsohon?"

Ba ta juyo ba. Maganar kamar a cikin kunnensa aka yi ta.

Ya ce shi ne.

"Ya yi sanyi," in ji ta. "Na kai shi wurin taku ya ɗan ji ɗumi. Sun rufe. Suna karatu."

Ya ce baiwar Allah ta yi haƙuri, bai sani ba. Ya ce shekara da shekaru wayar nan tana nan, bai taɓa zaton jariri ba ne.

"Namu ba sa saurin girma irin naku."

Abin da ke cikin kwalbar ya yi kuka. Ya fi na ɗazu rauni.

"Mu ba ma taɓa ƙarfenku. Da na mayar da kaina." Ta ci gaba da jijjigawa. "Je ka mayar."

Sai ta fara juyo da kanta. A hankali. Jikin bai motsa ba, kan kaɗai.

Bai tsaya ya gani ba. Ya fita da baya, ya yi tuntuɓe da ƙafar gado, ya faɗi, ya tashi. Sai da ya isa ɗakin wuta ya kai hannu bayan kunne ya ji wayam. Sukudireban ta faɗi a can. Akwatin kayan aikinsa kuma yana gida, don yau da fulas ya fito. Filaya kaɗai ce a aljihunsa, tsohuwa, robar hannunta ta cinye.

Ya kama wayar da filaya ya murɗa, ya fizge ta daga jikin matacciyar birekar. Ba abin da zai ɗaure ta da shi. Ya danna bakinta kai tsaye a kan jan ƙarfen.

Tartsatsi ya tashi. Wani zirr ya bi hannunsa har haƙori. Ya riƙe.

A cikin bututun kukan ya lafa, ya koma 'yar ƙaramar shessheƙa.

Koriya ta ƙarshe ta mutu. Saura masu ruwan ɗorawa.

Da hannun hagu ya kashe fitilar tiyata. Ya kashe firji, jini da magani su yi ta kansu. Ya kashe fitilar ɗakin jarirai, ya ji matarsa ta kira sunan Allah daga can. Saura kwalba biyu a kan batir ɗaya.

Filayar ta fara zafi.

Ƙofar ɗakin ta rufe a bayansa. Ba iska. Ya ji ƙarar 'yar sakatar.

Warin ya cika ɗakin. Wani abu mai laushi ya zubo a kafaɗarsa, ya gangara ƙirjinsa. Gashi. Numfashi yana sauka a tsakiyar kansa, daga sama.

Bai ɗaga kai ba. Fitilun kawai yake kallo.

Ruwan sama ya kece a kan kwano. Ba wanda zai ji shi ko ya yi ihu.

Mai ruwan ɗorawa ta mutu. Wata ta bi ta.

Robar filayar ta fara narkewa, tana manne wa tafinsa. Yana jin ƙaurin fatarsa.

Ja ta kama. Ita kaɗai ta rage. Allon ya fara ƙara, ɗit, ɗit, ɗit.

Ya san ma'anarta. In kwalba biyu suka ci gaba da ja, yanzun nan allon zai kashe komai. In ɗaya ce, za a ɗan ƙara jimawa. Ko yaya ne.

Ashe ita ma ta sani.

Wasu yatsu suka kama wuyan hannunsa na hagu. Sanyinsu ya shiga har ɓargo. Dogaye ne, sun zagaye hannun sun sake zagayowa. Suka ɗaga shi a hankali, kamar uwa tana koya wa yaro rubutu, suka kai shi kan birekar kwalbar 'yarsa. Suka ɗora babban yatsansa a kai.

"Taka ta sha ɗumi tun ɗazu," in ji ta. "Nawa ne ya jima a sanyi."

Ya ce a'a.

"Kaɗan kawai."

Ya ce 'yarsa ba za ta iya ba. Hawaye na zuba, bai ma san yana kuka ba.

"Nawa zai iya?"

Yatsun suka fara dannawa. Ya ji birekar ta fara motsi a ƙarƙashin yatsansa. Ya turje. Ƙashin hannunsa ya yi ƙara. Ba zai iya da ita da hannu ɗaya ba.

Ɗit, ɗit, ɗit.

Ya saki filayar.

Wayar ta zame daga jan ƙarfen ta faɗi. Ya kawo ƙonannen hannun ya tallafe birekar 'yarsa ta ƙasa, ya haɗa da goshinsa, ya danne da duk ƙarfin da Allah Ya ba shi.

Ƙarar allon ta tsaya. Jar fitilar ta tsaya a kunne.

A cikin bututun kukan ya tashi. Ya yi sama. Ya sarƙe.

Ya sake tashi, ƙarami.

Ya sake.

Shiru.

Yatsun suka sake shi ɗaya bayan ɗaya.

Ya jira ta kashe shi. Ya ji gashin yana zagaye wuyansa, yana matsewa, numfashinsa ya tsaya, idanunsa suka fara ganin wasu taurari. Bai saki birekar ba.

Sai matsin ya sassauta. Bakinta ya zo daidai kunnensa. Ba faɗa a muryar, ba kuka. Da ma faɗan ta yi.

"Nonona bai ƙafe ba," in ji ta.

A daidai nan aka kawo wuta.

Fankokin saman akwatin suka tashi gaba ɗaya, layin ƙasa ya yi ƙwas, hasken baranda ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ba kowa a ɗakin sai shi. Tsakanin shirun bututun da dawowar wutar, ko alwala mutum ba zai gama ba.

Da rarrafe ya ɗauko filayar ya sake danna wayar a kan jan ƙarfen. Ba tartsatsi. Ya kama ta da mita. Ba ta jan komai. Ya jima a haka yana jira ta ja, har maigadi ya ɓalle ƙofar ya same shi a durƙushe, aka ɓamɓare filayar daga tafinsa da fata a jikinta.

Hannun bai koma daidai ba. Yatsu biyu sun ƙandare, ba ya iya riƙe ƙaramin abu da su. Ya ce wa mutane waya ce ta kama shi, kowa ya yarda, har likita ya yi masa faɗan aiki da tsohuwar filaya. Sista kaɗai ce ba ta tambaye shi komai ba, kuma daga ranar ba ta ƙara tsokanarsa ba. Da ya je gaida Baba Fiyus, tsohon ya dubi bandejin, ya dubi fuskarsa, ya juya kai wajen bango. Har Testa ya tafi bai juyo ba.

Yarinya kuwa ta rayu. Ta fita daga kwalba tun kafin lokacin da likita ya ɗiba mata, ta yi ɓulɓul, har masu zuwa dubiya suna cewa wannan ce bakwainin? Abu ɗaya ne ya dami uwar. Da safe tana shan nono, da rana tana sha, amma da zarar rana ta faɗi sai ta kau da kai. Ko an matsa mata ba ta kamawa. Sai ta juya fuska wajen kusurwar ɗaki, ɗan bakinta yana motsi, maƙogwaronta yana haɗiya. In an ɗauke ta a ji cikinta tam, ga ɗan farin abu a gefen leɓenta, mai sanyi.

Uwar takan yi dariya ta ce wannan 'ya da iska take ƙoshi, amma dubi kumatu. Testa ya sauya musu gida. A sabon gidan ma haka.

Da ta fara zama, in magariba ta yi sai ta ɗaga hannu biyu sama tana zillo, yadda yara ke yi in suna so a ɗauke su. Ba wajen uwarta ba, ba wajensa ba. Sama da ƙofa.

Ranar da ta fara magana suna zaune su uku a tabarma, ana kiran salla. Ta saki abin wasanta, ta ɗaga kai can kusa da silin, fuskarta ta washe. Ta ce, "Mama."

Uwar ta yi shewa don murna, ta tafa hannu, ta matso.

"Na'am, 'yar albarka. Ga ni nan. Ina kike kallo? Ga ni nan."

Yarinyar ba ta juyo ba.